Yadda ɗalibin Garwa, Marwa ko Njamena zai fara nazarin al'ummar Indiya ta yau

Duk shekara idan lokacin zaɓen batun kundin kammala digiri ya zo, wato abin da ɗalibanmu ke kira memuwar, ba na rasa mutum ɗaya ko biyu da za su same ni da maganar Indiya. Bara wata ɗaliba 'yar Garwa ce ta shigo da takarda a hannu, ta rubuta a samanta da Faransanci cewa za ta yi bincike a kan al'adun Indiyawa. Na tambaye ta waɗanne Indiyawan, sai ta ce, "Malam, ai na san su tun ina yarinya, babu daren da ba a kunna fim ɗinsu a ɗakin Inna." Ban yi mata dariya ba, domin ta wannan ƙofar ni ma na shiga, kuma sai da na yi zaman karatu a Haidarabad na gane cewa abin da na sani a kan ƙasar bai wuce abin da mai kallon finafinan Kano zai sani a kan manomin auduga na karkarar Gider ba. Bayanin da na yi mata a ranar, da wanda na ci gaba da yi mata a watannin da suka biyo baya, shi ne na tattara a nan.

Fannin da ake magana a kai shi ne antiropoloji, wato nazarin ɗan Adam ta fuskar al'adunsa da zamantakewarsa, kuma abin da ya raba shi da tarihi ko kimiyyar siyasa shi ne hanyar samo ilimin. Mai wannan fanni yakan je ya zauna cikin mutanen da yake nazari na tsawon watanni, galibi shekara guda domin ya ga damina da rani da bukukuwan da ke tsakaninsu, ya koyi harshensu, ya ci abincinsu, ya halarci suna da biki da jana'iza, sa'an nan kowane dare ya rubuta abin da idonsa ya gani da abin da kunnensa ya ji. Bronislaw Malinowski ne ya kafa wannan salo a zaman da ya yi a tsibiran Trobriand lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Abin da ake farauta shi ne ratar da ke tsakanin abin da mutane ke cewa suna yi da abin da suke aikatawa. Idan ka tambayi dattijo yadda ake aure a unguwarku, ƙa'ida zai zayyana maka, amma wanda ya zauna a tsakar gida ranar da gwaggonni ke buɗe akwatunan lefe suna ƙirga turame ya san akwai wani labarin.

Ka rage batun ya dawo daidai hannunka

Ƙidayar 2011 ta nuna cewa Indiya tana da mutum biliyan 1.21, an ɗage wadda ya kamata a yi a 2021, kuma a 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa ƙasar ta wuce Chaina da jama'a fiye da biliyan 1.4. Tana da jihohi 28 da yankuna 8 da ke ƙarƙashin gwamnatin tarayya, tsarin mulkinta ya lissafa harsuna 22, kuma tun 1956 aka shata iyakokin jihohi da dama bisa harshe. Jihar Uttar Pradesh kaɗai tana da kusan mutum miliyan 200 a 2011, wato ta ninka jama'ar Kamaru da Chadi ta yau a haɗe wajen sau huɗu. A ƙidayar ta 2011, a Kerala kashi 94 cikin 100 sun iya karatu da rubutu, a Bihar ba su kai kashi 65 ba. A Kerala akwai mata 1,084 ga kowane maza 1,000, a Haryana kuwa 879 ne. Duk jimlar da ta fara da "Indiyawa suna" to akwai miliyoyin mutanen da za su ƙaryata ta.

Saboda haka ka zaɓi jiha ɗaya, cikinta gari ɗaya ko unguwa ɗaya, sa'an nan tambaya ɗaya da za a iya amsa ta da ido da kunne. Misali, yadda matan da mazajensu ke aiki a Dubai ko Saudiyya suke tafiyar da gida da kuɗi a wani garin Kerala. Ko kuma wa ke yanke hukunci a majalisar ƙauye, wadda suke kira panchayat, tun da gyaran tsarin mulki na 1992 ya ware wa mata kashi ɗaya bisa uku na kujeru: matar da aka zaɓa ce, ko mijinta da ke zaune a gefenta? Ko yadda masu keke mai ƙafa uku a wata unguwar Haidarabad suka koma karɓar kuɗi ta waya bayan ƙaddamar da tsarin UPI a 2016. Ma'aunin da nake ba ɗalibai mai sauƙi ne: in ba za ka iya faɗin wurin da za ka tsaya da ƙarfe bakwai na safe da abin da za ka zuba wa ido ba, batunka bai nuna ba tukuna.

Karatu, da wanda ya kamata a fara da shi

Ni a ganina da M. N. Srinivas, masanin zamantakewa ɗan Indiya, ya kamata a fara. Shi ne ya bambance kallon Indiya ta cikin littafi da kallonta ta cikin fage, yana mai cewa masanan da suka gabace shi sun dogara da tsoffin nassosin Sanskirit, harshen littattafan addinin Hindu, har suka ɗauka abin da ke rubuce shi ne abin da ke gudana a ƙauye. A 1948 ya zauna a wani ƙauye kusa da Maisur da ya laƙaba wa suna Rampura, ya kuma bar wa fannin ra'ayoyi biyu da har yau ake aiki da su. Na farko shi ne cewa a kowane yanki akwai rukunin da ke da rinjaye saboda yawan gonaki da yawan jama'a, ko da kuwa ba shi ne mafi daraja a addinance ba, kamar manoman Okkaliga a Rampura. Na biyu shi ne yadda rukunin da ke ƙasa yakan yi ƙoƙarin hawa sama ta hanyar kwaikwayon na sama, ya bar cin nama da shan giya, ya canza salon ibada, har bayan tsara biyu ko uku ya yi iƙirarin sabon asali. Wanda ya taɓa ganin gidan da ya yi arziki ya wayi gari da salsalar da ta kai Gabas ba zai sha wahalar gane wannan ba.

Mu da muka yi karatu da Faransanci, littafin da ya fi saurin faɗowa hannunmu shi ne Homo hierarchicus na Louis Dumont, wanda ya fito a 1966. Dumont ya ce ginshiƙin tsarin Indiya shi ne bambanci tsakanin tsarki da ƙazanta, kuma a kan wannan aka jera mutane daga Brahmin, wato rukunin masu ibada da ilimi, zuwa ƙasa. Littafi ne mai zurfi, dole a karanta shi, amma kada a tsaya a kansa, domin masu suka sun daɗe da cewa Indiyar da ya zana ita ce wadda Brahmin ke gani daga inda yake zaune. Sai a haɗa shi da André Béteille, wanda a 1965 ya nuna yadda asali da dukiya da mulki suka fara rabuwa a wani ƙauyen Tamil Nadu, da kuma Nicholas Dirks, wanda a 2001 ya kawo hujjojin cewa ƙidayar Turawan Ingila da rajistocinsu sun daskarar da rukunan da a da suke da ɗan sassauci. Sama da duka a karanta B. R. Ambedkar, wanda aka haifa cikin waɗanda ake ƙyamar taɓawa, ya jagoranci kwamitin rubuta tsarin mulkin da ya fara aiki ranar 26 ga Janairu 1950, ya kuma bar addinin Hindu ya koma na Buddha tare da dubban ɗaruruwan mabiyansa a Nagpur a 1956. Rubutunsa na wanda abin ya ci a jikinsa ne.

Samun waɗannan a Marwa ko Ngawundare ba sai da kuɗi mai yawa ba. Dandalin Persée da na OpenEdition suna da tarin maƙalolin Faransanci kyauta, Shodhganga kuma rumbu ne na kundayen digirin digirgir na jami'o'in Indiya da kowa ke iya saukewa. Mujallar Economic and Political Weekly ita ce inda masanan ƙasar ke fafatawa a kan al'amuran yau. Gaskiyar da ba a son ji ita ce mafi yawan rubutun yana cikin Ingilishi, don haka ɗalibin da Faransanci kaɗai ya riƙe sai ya ɗaure ya gyara Ingilishinsa tun a shekarar farko.

Maganar jati

Nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe, don haka zan ɗan daɗe. Akwai kalmomi biyu da ake cakuɗawa. Warna ita ce rabon gida huɗu da ke cikin nassosi: Brahmin masu ibada da ilimi, Kshatriya masu sarauta da yaƙi, Waishya masu fatauci, Shudra masu hidima, sai waɗanda aka bari a waje gaba ɗaya, waɗanda yau suke kiran kansu Dalit. Jati kuwa ita ce rukunin da aka haifi mutum a ciki, wanda a cikinsa yake aure, kuma galibi yana da sana'ar da aka san shi da ita. Jati dubbai ne, kowane yanki da nasa, kuma binciken da hukumar nazarin al'ummomin Indiya ta fara a 1985 ƙarƙashin K. S. Singh ya lissafa al'ummomi 4,635. A rayuwar yau da kullum jati ce ke aiki. Ɗalibin da ya tafi fage da jadawalin gida huɗu a kansa zai dawo da ruɗani.

Bahaushe yana da abin da zai auna wannan da shi, kuma wannan ce ribar da muke da ita a kan ɗalibin Paris. Mun san sana'ar gado, mun san fawa da ƙira da wanzanci da jima da roƙo, mun san yadda ake binciken asali kafin a ba da aure, da yadda maganar kan mutu shiru ba tare da an faɗi dalili ba. Kusa da mu a duwatsun Mandara, maƙeran Mafa da na Kapsiki su ne masu binne gawa, matansu ne masu ginin tukwane, kuma a tsakaninsu suke aure. A Kanem da arewacin Chadi an san matsayin Haddad, wato rukunin maƙera. Duk wannan yana buɗe ido, amma kwatance yana da iyaka, kuma wajibi ne a rubuta iyakar a cikin kundin. A wurinmu ɗan mahauci yana iya zama malami ya ja sallah, attajiri ya bi shi, a kuma ci abinci a kwano ɗaya. A ƙauyukan Indiya da dama tsarin ya game kowa da kowa, ya shiga rijiya da wurin ibada da makabarta, har an sha ba da rahoton shagunan shayi a Tamil Nadu da ke ajiye kofuna dabam saboda Dalit. Ka yi amfani da abin da ka sani daga gida wajen ƙirƙiro tambaya, amma amsar a can za ka samo ta.

Kada kuma a ɗauka abu ne na da wanda birni da boko suka shafe. Sashe na 17 na tsarin mulki ya haramta ƙyamar taɓa wani, gwamnatin tarayya kuma tana ware kashi 15 cikin 100 na guraben aiki da karatu ga Dalit, kashi 7.5 ga ƙabilun asali da ake kira Adiwasi, sai kashi 27 ga sauran rukunan da aka bari a baya, wanda gwamnatin V. P. Singh ta amince da shi a 1990 bisa rahoton kwamitin Mandal. Wannan ya mai da jati makamin siyasa. Mayawati, 'yar Dalit, ta shugabanci gwamnatin Uttar Pradesh sau huɗu, Droupadi Murmu 'yar ƙabilar Santal ta zama shugabar ƙasa a 2022. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda lissafin Srinivas ya juya: a 2015 'yan Patidar na Gujarat, a 2016 kuma 'yan Jat na Haryana, waɗanda manoma ne masu ƙarfi, suka fito zanga-zanga suna neman a sa su cikin waɗanda aka bari a baya domin su sami gurbi. Rabon da a wallafa cikakkiyar ƙidayar dukkan jati a faɗin ƙasar tun 1931, shi ya sa ƙidayar da jihar Bihar ta yi a 2023 ta tayar da ƙura.

Aure shi ne madubin da ya fi nuna wannan duka. Wani babban binciken gidaje da aka yi a 2011 zuwa 2012 ya gano cewa kusan kashi 5 cikin 100 kacal na aure ne ake yi tsakanin jati biyu, abin da mai kallon fim ba zai taɓa zato ba. A arewacin ƙasar ba a auren dangi na kusa, a wurare da yawa ma ba a auren ɗan ƙauye ɗaya, don haka amarya takan tafi nesa cikin baƙi. A kudu kuwa auren ɗan kawu ko ɗan gwaggo abin so ne, kusan irin auren zumuncinmu, har a wasu al'ummomi mutum yakan auri 'yar yayarsa. Irawati Karve ce ta tsara taswirar waɗannan bambance-bambance a 1953. Dukiyar aure kuma daga gidan amarya take tafiya zuwa gidan ango, duk da dokar 1961 da ta haramta hakan. Ɗaliba ta ce mini ai kamar kayan ɗaki da gara ne, na ce ta rubuta wannan a matsayin tambaya: wa ke mallakar kayan bayan biki, wa ke faɗin adadinsu, me ke faruwa da amarya idan ba a cika ba? Hanya mai arha ta fara wannan nazari daga Garwa ita ce karanta tallan neman aure a jaridun Indiya na ranar Lahadi ko a Shaadi.com, a tattara guda 200, a ƙirga sau nawa aka ambaci jati, da hasken fata, da albashi, da cin nama.

Musulmin Indiya sun kai kashi 14.2 cikin 100 a 2011, wato kusan miliyan 172, kuma ɗalibinmu yakan ɗauka a cikinsu ya isa gida. Sallah ɗaya ce, amma yawancinsu Hanafawa ne, kuma su ma suna da rabon Ashraf masu iƙirarin asalin Larabawa ko Farisa ko Turkawa da sauran da kakanninsu suka musulunta a ƙasar. Wanda zai taɓa wannan batu sai ya san rabuwar Indiya da Pakistan a 1947, da rushe masallacin Babri ranar 6 ga Disamba 1992, da hawan jam'iyyar BJP mulki ƙarƙashin Narendra Modi a 2014, domin waɗannan suna bayan kowace hira ko da ba a ambace su ba.

Fagen da ke ƙofar gida

Ba kowa ne zai sami kuɗin jirgi ba, kuma a matakin digiri na farko ko na biyu ba dole ba ne. Tun bayan da Indiya ta buɗe tattalin arzikinta a 1991, kayanta da kamfanoninta suka bazu har suka iso mu. Layin Airtel da ke wayar mutumin Njamena na kamfanin Bharti ne, wanda ya sayi harkokin Zain na Afirka a 2010. Baburan Bajaj da TVS su ne abin neman abincin dubban matasa masu kabu-kabu daga Kusiri zuwa Ngawundare. Ka juya bayan kwalin magani a kantin unguwarku ka karanta inda aka yi shi. 'Yan Tablig da ke kwana a masallatanmu suna bin tafarkin da Muhammad Ilyas ya fara a yankin Mewat a shekarun 1920. Ga kuma marasa lafiya da ake haɗa wa kuɗi a kai su Delhi ko Chennai, su dawo da labarin tafinta da masauki da abincin da suka kasa ci. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan batun kundi ne, da sharaɗin a faɗi gaskiya cewa abin da ake nazari shi ne haɗuwar Indiya da mu.

Ɗalibar da na ambata a nan ta tsaya. Brian Larkin da Abdalla Uba Adamu sun riga sun yi rubutu a kan yadda finafinan Indiya suka shiga rayuwar Hausawan Kano, sai ta ɗauki tambayar ta kawo ta gidaje uku a Garwa, ta yi wata huɗu tana zama da matan gidan lokacin kallon wasan da aka fassara da Faransanci ko Hausa. Shafin farko da ta kawo mini cewa ya yi matan suna son fim ɗin saboda ya yi kama da al'adarsu. Na mayar mata, na ce wannan hukunci ne, ni abin da ya faru nake so. Mako biyu bayan haka ta kawo wani shafin: an ɗauke wuta ana tsakiyar kallo, aka koma wayar amaryar gidan, mutum shida a kan tabarma ɗaya, da surukar cikin fim ta karɓe makullan gida daga hannun matar ɗanta, uwar gidan ta ce "haka ake yi," amaryar ba ta ce komai ba, ta tashi ta tafi duba tukunya alhali ba a ɗora komai ba. Daga wannan shafin kundin ya samo ƙashin bayansa.

In tafiya ta samu

Harshe ne guzurin farko. Wanda ya nufi arewa ya koyi Hindi, kuma rubutunsa na Dewanagari ba ya wuce 'yan makonni ga mai naci. Urdu a baki kusan ɗaya take da Hindi, ana rubuta ta da haruffan Larabci, don haka wanda ya yi allo ko yake jin Larabcin Chadi ya riga ya ci rabin hanya, ko da yake salon rubutunsu ya sha bamban da na allonmu. Kunnenka zai tsinci duniya da niyat da dua da khabar da qalam da zamana, ka ji kamar a gida. Wanda ya nufi kudu kuwa sai Tamil ko Telugu ko Kannada ko Malayalam, waɗanda dangin harshe ne dabam, kuma a Tamil Nadu, inda aka yi boren ƙin Hindi a 1965, gara ka yi Ingilishi da ka buɗe baki da Hindi.

Hukumar ICCR ta gwamnatin Indiya tana ba ɗaliban Afirka tallafin karatu duk shekara, ana nema ta intanet, ofishin jakadanci kuma ya tantance. Ba a yin bincike da bizar yawon buɗe ido. Akwai bizar karatu da ta bincike, kuma ta binciken tana buƙatar wata jami'ar Indiya ta karɓe ka. Wanda bizarsa ta wuce kwana 180 dole ya yi rajista da ofishin kula da baƙi cikin kwana 14 da sauka, wasu yankunan kan iyaka irin su Arunachal Pradesh kuma sai da izini na musamman. Kada a manta da katin rigakafin zazzaɓin shawara, domin ana tambayarsa ga masu zuwa daga Kamaru da Chadi. Mutumin Kusiri ko Marwa ya fi sauƙin tashi daga Njamena ta Adis Ababa.

Inda ka sauka shi ne zai yanke waɗanda za su yi magana da kai. Béteille ya zauna a layin Brahmin a ƙauyen da ya yi aiki, kuma shi da kansa ya faɗi yadda hakan ya taƙaita shigarsa unguwar Dalit, kamar dai baƙon da ya sauka a fadar Lamiɗo sa'an nan ya je yana tambayar talakawa ra'ayinsu a kan haraji. A Haidarabad mai gidan farko da na nema bai tambaye ni ƙasata ba sai da ya tambaye ni ko ina cin nama, da na ce ina ci, ɗakin da aka nuna mini minti biyar da suka wuce ya zama an riga an ba wani. Kuskurena kuwa na kaina ne. A makon farko, muna shan shayi da abokan karatu, na dubi ɗaya na tambaye shi jatinsa kai tsaye, kamar yadda za ka tambayi mutum ko shi Bamafe ne ko Bafulatani. Wurin ya yi tsit, ya ce shi Ba'indiye ne, ya ajiye kofinsa ya tafi, kuma sai da aka yi watanni kafin ya sake sakin jiki da ni. Daga baya na koyi cewa su kansu ba sa tambaya haka, suna karantawa ne daga sunan dangi, irin su Reddy ko Iyer ko Yadav, daga ƙauyen mutum da abincinsa, kuma wanda ya ajiye sunan danginsa ya tsaya a Kumar sau da yawa yana da dalilinsa.

Baƙar fata ma tana cikin lissafi. Za ka ji ana kiranka habshi ko kalu a titi, kuma a Maris 2017 an kai wa ɗaliban Najeriya hari a Greater Noida kusa da Delhi. Ka kiyaye kanka, amma ka rubuta duk abin da aka yi maka, domin yadda al'umma ke ajiye baƙo yana nuna yadda take jera 'ya'yanta, kuma ƙasar da man hasken fata ke da kasuwa irin wannan tana da abin da za ta tuna mana game da man bilicin na kasuwanninmu. Akwai kuma 'yan Siddi a Gujarat da Karnataka, jikokin mutanen Afirka, da tarihin Malik Ambar, bawan Habasha da ya riƙe ragamar daular Ahmadnagar har rasuwarsa a 1626.

Game da rubutu, ka riƙe ƙaramin littafi a aljihu na 'yan kalmomi, da babba a ɗaki wanda za ka cika kafin ka kwanta, ko da ka gaji, domin abin da ya kwana ba a rubuta ba yakan wayi gari ya zama ra'ayi. Ka raba shafi biyu, gefe ɗaya abin da aka yi da abin da aka faɗa da kalmomin masu shi, ɗaya gefen fassararka da zatonka. Ka sanar da mutane cewa bincike kake yi, kada ka ɗauki murya ko hoto sai da yardarsu, ka kuma canza sunayensu da na ƙauyensu a cikin kundin, kamar yadda Rampura ba shi ne sunan ƙauyen na gaskiya ba. Srinivas ya yi shekara 18 yana tace bayanansa na ƙauyen, ya yi kwafi uku, duka ukun suna ofishinsa a Stanford ta Amurka ranar da aka cinna wa ginin wuta a Afrilu 1970, har ya zama littafin da ya fitar a 1976 mafi yawansa daga ƙwaƙwalwa ya rubuto shi. Kai ka ɗauki hoton kowane shafi da waya a ƙarshen mako, ka tura kwafi ɗaya akwatin imel ɗinka, ɗaya kuma ga wani ɗan'uwa a gida wanda ba ya yawan canza waya.